Neman Hannun Gwani Isiyaku a Kafin Marke

Tun da na dawo daga kudu ba a bar ni na huta ba. A wurin aiki a tambaye ni, a ƙofar masallaci a tambaye ni, hatta mai goron bakin layinmu sai da ya ce, "Malam Habu, an ce ka je har gindin duwatsu, me ka gano?" Nakan ce lafiya lau, in wuce. Ba rowar labari nake yi ba, abin ne ba ya faɗuwa a tsaye a bakin hanya. To, tunda kun matsa, ga shi na zauna na rubuta.

Ga wanda bai san ni ba, aikina jera haruffa a wata ƙaramar maɗaba'a a nan Kano. Haruffan na dalma ne, ɗaya-ɗaya ake tsinto su a jera su a juye, a shafa tawada, a danna a takarda. Bara maigidanmu, wanda muke kira Alhaji, ya buga wani littafin wa'azi na ajami da haruffan da aka sayo daga Gabas. Littafi ya ƙi tafiya. Mutanen ƙauye su ɗauka, su juya, su ajiye, su ce ba irin rubutun da suka koya a allo ba ne, ƙanana ne kamar sawun kiyashi. Sai aka ba Alhaji shawara cewa yanzu akwai dabarar da mai kyan hannu zai rubuta littafi sau ɗaya, a ɗauki hotonsa, a yi ta bugawa daga wannan ɗayan.

Ran nan ya zo da wani tsohon littafi da ya gada daga mahaifinsa, ya buɗe mana. Ban taɓa ganin rubutu mai cika ido irinsa ba. A shafin ƙarshe an rubuta cewa Isiyaku ne ya rubuta shi, a Unguwar Marubuta ta Kafin Marke.

Alhaji ya ce, "Wannan hannun nake so. Wa ya san garin?"

Bakina ya riga tunanina. Na ce mahaifina haifaffen can ne, ya baro garin yana saurayi, bai koma ba har ya rasu. Ni kaina ban taɓa zuwa ba, na dai san yana can bayan Doguwa. Alhaji ya ce magana ta ƙare. Ya ba ni damin farar takarda mai kyau, ya ce in Gwani Isiyakun nan yana da rai ya rubuta shafi ɗaya na gwaji in kawo, in ya yarda a aika masa da aikin duka.

Na tashi a ƙarshen damina, dawa ta fara fitar da kai. Na hau wata lori mai ɗauke da gishiri, na zauna a kan buhuna, takardata naɗe cikin fatar akuya a kan cinya. Daf da mararrabar Bebeji wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin motar. Direba ya shiga ƙasa ya fito, ya ce sai an je Kano an sayo wani, mai sauri ya yi gaba da ƙafa. Ƙarshen zamana a mota ke nan a hanyar zuwa.

A Bebeji aka nuna mini gidan wani mai saukar baƙi, Malam Ilu. Na iske shi a zaure da waɗansu dattawa, na yi sallama, na gaishe su a tsaye, irin yadda muka saba yi a birni in muna sauri. Ba wanda ya amsa sai sallamar. Malam Ilu ya ci gaba da jan carbinsa yana kallon takalmina. Sai da na gane, na tuɓe, na durƙusa, na sake gaisuwa daga farko. Nan fa aka shiga tambayar gajiya, da gida, da iyali, da ruwa, da mutanen birni, har gwiwata ta yi tsami. A can ba a gaggawar gaisuwa, kuma ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci abinci. Tuwon dawa aka kawo da miyar kuka, da man shanu yana yawo a kai.

Da na faɗi inda za ni, wani dattijo ya ce, "Kafin Marke? Ai garin ya tashi."

Malam Ilu ya ce, "Bai tashi duka ba, an ce ana ganin hayaƙi." Ya juyo gare ni. "Ina yaro, a wannan zauren fataken littafi suke sauka. Za ka ga jaki da mangala, ba kanwa ba gishiri, gafaka ce zalla, jakar fatar da ake sa littafi. In aka ce littafi na Kafin Marke ne ba a buɗe shi a duba. Kai kuwa me za ka yi a can?"

Na gaya masa sana'ata. Ya ce, "Ashe ku ne." Ban tambaye shi abin da yake nufi ba.

Shi ya ba ni shawara in bi ta Kiru, don ranar kasuwa ce, zan sami masu jakai da za su kudu. Na same su kuwa, mutum uku masu kanwa. Bayan mun wuce Ɗansoshiya ruwa ya sauko, hanya ta zama laka mai danƙo. Na sa ƙafa a wani wuri, na zaro ta ba takalmi. Muka tona, muka lalube, ko alama. Ɗaya daga cikin masu jakan ya ce in bar wa ƙasa ɗayan ma, don kada ta ce na yi mata rabin kyauta. A ƙauye na gaba na sayi takalmin taya, shi ya kai ni ya dawo da ni, bayan ya cinye mini dunduniya.

Kafin Tudun Wada akwai wani kogi da ya cika ya batse. Ba kwalekwale. 'Yan fito suna da manyan goruna, mutum ya rungume gora, su kuma suna iyo suna tura shi. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, na ɗaure takardar a ka da rawani, na rungume gora, na rufe ido ina salati. A tsakiya igiyar ruwa ta juya ni, kaina ya nutse ta gefe ɗaya. Da muka fita na kwance fatar, na ga ruwa ya ci kusurwar damin. Na zauna a kan yashi ina shanya takarda ɗai-ɗai ina danne ta da duwatsu, mata masu wanki suna kallona suna dariya. Kusan rabi ta tsira.

A bakin Tudun Wada aka tare mu da shinge. Malaman ciwon barci ne, ba mai wucewa kudu ko ya fito daga can sai an lalube masa wuya. Aka jera mu a rana. Da aka zo kaina, malamin ya danna ƙasan kunnena, ya sake dannawa, ya ce in koma gefe. A gefen akwai wani mutum zaune a gindin bishiya, matarsa tana ba shi fura, yana gyangyaɗi da ludayi a baki. Ta girgiza shi, ya buɗe ido ya haɗiye, ya koma. Ban iya kawar da kaina daga kallonsa ba. Aka soke mini wuya kaɗan da allura, aka duba a madubin likita, na yi zaman da ya fi kowane zama tsawo a rayuwata. Daga baya malamin ya ce ba komai, haƙorina ne mai ciwo ya tara ƙulli. Na tashi na tafi. Mutumin nan da matarsa suna nan inda na bar su.

A garin na kwana gidan wani mahauci. Aka kawo mini fate na tsakin masara da yakuwa, na zaci kunu ne na nemi ludayi in sha kafin tuwo ya iso. Maigidan ya ce ai tuwon ke nan. Tun daga nan na lura an fara barin Kano a baya, ko da yake ƙasar Kano ake. Maganarsu ta ɗan karkata wajen ta Zazzagawa, ɗakunansu kuwa duk jinka ce, don ruwan can ba ya barin rufin ƙasa.

Masu kanwa a nan suka tsaya. Dajin da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa ba a shigarsa mutum ɗaya, sai aka haɗa ni da wani Bafillace, Ja'e, dattijo siriri mai komawa rugarsu. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Kaɗo, yadda Fulani suke kiran Bahaushe. Ya yanko reshe mai ganye ya ba ni, ya ce in riƙa kaɗa bayana saboda tsando, ƙudan da ke kawo ciwon barci. Yini guda muna tafiya, ba mu gamu da kowa ba sai birai. Ya nuna mini kufai biyu a hanya, ya ce da garuruwa ne.

Na tambaye shi ko ya san Gwani Isiyaku.

Ya ce, "Mai soro? Matata tana kai musu nono. Yana nan, shi da ƙanwarsa. Kaɗo, mutanen nan an ce su fito fili saboda ciwon barci, kowa ya fito, su sun ƙi. Ko nagge in an tashi ruga tana bin garke."

A Doguwa na ga inda samarin ƙasar suke tafiya. Motoci biyu na gani cike da su, za su haƙar kuza a Riruwai, suna waƙa. Washegari Ja'e ya raka ni har inda ake hango duwatsu, ya nuna mini hanya da sandarsa, ya juya.

Kafin Marke biyu ce. Akwai sabuwa a fili, bukkoki ne na jinka a warwatse. Tsohuwar tana can gindin dutse cikin ganuwa, ganuwar ta zube ta zama tudu, marke da ƙaya sun fito a kanta. Na shiga ta inda ƙofa take a da. Ciki duk gonaki ne, dawa a tsakar gidajen mutane. Na bi wata 'yar hanya har na ɓullo wani layi, sai na tsaya.

Soraye ne a jere, irin na cikin birnin Kano, a ƙasar da ba a san soro ba. Sun fi goma. Waɗansu rufinsu ya rufta, azara ta fito kamar haƙarƙari. Waɗansu saura bango ɗaya da zanko a kansa. Guda ɗaya ne kawai a can ƙarshe yake da sabon yaɓe. A ƙofarsa wata tsohuwa tana shanya kuɓewa.

Na durƙusa na gaishe ta yadda Bebeji ta koya mini. Na ce ni ɗan Mamman ne, Mamman na gidan Malam Barau.

Ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Mamman mai hagu? Yana ina?"

Na ce ya rasu shekara shida ke nan. Ta yi salati, ta share ido da bakin mayafi, ta ce ita ce Asabe ƙanwar Gwani, in kira ta Goggo, don tare suka yi wasan ƙasa da ubana. Ta ce Gwani ya shiga ciki yana kailula, kafin ya tashi in zo ta nuna mini gidanmu.

Ita ta zagaya da ni layin nan, zaure bayan zaure. Ta ce asalin unguwar wani malami ne da ya biyo fatake, damina ta tsare shi a garin, ya rubuta wa sarkin garin littafi don kada ya zauna haka nan. Sarki ya hana shi tafiya, ya ba shi fili. Almajiransa suka gina kusa da shi. A lokacin babbar hanyar fatake ta nan take bi, mai zuwa kudu ya ba da aiki, in ya dawo ya karɓa. Da aka yi gobara sau biyu littattafai suka ƙone a ɗakunan jinka, sai marubutan suka aika Kano aka zo da magina, aka yi musu soraye. Kowace shekara sai an sake yaɓe da makuba, ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa shiga, in aka tsallake damina biyu soro ya tafi.

Ginin ba irin wanda na sani ba ne. Duk zaurukan arewa suke kallo, don kada rana ta faɗo kan takarda kai tsaye. Tagoginsu ba ƙanana ba ne a can sama kamar namu. Faɗi gare su, kuma a ƙasa suke, daidai kafaɗar mutumin da ke zaune, ta hagunsa, don kada inuwar hannu ta rufe layi. A bango akwai alkuki da yawa an shafe cikinsu sumul, a sama kuma ƙugiyoyi a jikin azara inda ake rataye gafaka saboda gara. A tsakiyar kowane daɓe an binne wani dutse mai santsi, a kansa ake goge takarda kafin a rubuta. Bayan layin akwai ramukan da ake jiƙa bagaruwa a yi tawada, aikin mata ke nan, in ji ta. A can ƙarshe rumfunan dukawa ne masu ɗinka gafaka, ba abin da ya rage sai tubali.

Ta nuna mini saman wata ƙofa. Akwai zane a jikin yaɓen, da'ira da ƙulli a ciki, ruwa ya cinye rabinsa. Ta ce kowane gida da zayyanarsa, irin wadda suke yi a cikin littafi ita suke yi a ƙofa. Baƙo in ya zo da littafi yana son irinsa, ba sai ya yi tambaya ba, ya buɗe ya bi layi yana gwadawa har ya sami gidan.

Na ce, "Goggo, me ya cinye unguwar?"

Ta ce, "Ba abu ɗaya ba ne. Jirgin ƙasa ya zo, fatake suka daina biyowa. Sai alhazai suka fara zuwa da bugaggun littattafai, abin da mutum zai shekara yana rubutawa a saye shi da kuɗin kaza. Sai ciwon barci, aka ce kowa ya fita fili. Waɗanda suka rage kuza ta kwashe." Ta tsaya a gaban wani kango. "Ga gidanku."

Bakan gizon zauren ne kaɗai a tsaye, ba rufi a kansa. A ciki wani ya shuka taba. Na nemi zayyanar gidanmu a saman ƙofa, ba ƙofar ma. Dutsen gugar takarda yana nan a tsakiyar kunya, mai gonar ya kasa cire shi, ya kewaye shi. Na tsuguna na taɓa shi. Ubana bai taɓa gaya mini ya iya rubutu irin wannan ba, ni dai na tashi na gan shi yana ɗinkin hula.

Da muka koma Gwani ya fito zaure. Dogo ne, fari, ya tsufa amma bai ranƙwafa ba. Ina yin sallama ya ce, "Wannan muryar gidan Barau ce." Na gaishe shi, ya tambayi ubana, ya yi masa addu'a. Zauren nan kuwa kamar jiya aka gama shi. Daɓe a share, alkuki cike da kwalaben tawada busassu, gafakoki a rataye. Goggo ce take yaɓen da hannunta.

Bayan mun ci dambu na faɗi abin da ya kawo ni, ina jin nauyin bakina, don na zaci zai kore ni. Na miƙa masa littafinmu da ya ƙi sayuwa. Bai buɗe ya karanta ba, ya shafa shi, ya kai hanci ya shinshina. Ya sa na bayyana masa yadda ake ɗaukar hoton rubutu, na bayyana iyakar sanina.

Ya ce, "Wato hannuna ne zai fita, ba na ƙarfe ba? Yadda na ja shi haka zai fito?"

Na ce, "Haka zai fito, Baba, ko ɗigo ba zai ɓata ba."

"Har ina za a kai shi?"

"Har inda mota take zuwa."

Ya yi dariya, ya buga cinya. Ya ce, "Asabe, kin ji? Jiƙa bagaruwa."

Goggo ta ce, "Yaya, da ka bari dai..."

Ya ce, "Jiƙa bagaruwa, na ce."

Ta tashi ta fita, ba ta dube ni ba.

Da hantsi washegari ya zauna a gindin taga, a kan buzunsa. Ya fere alƙalami da kansa, yana gwada bakin a farcensa. Ya zaɓi takarda cikin waɗanda suka tsira daga kogi, ya goge ta a kan dutse har ta yi sheƙi. Goggo ta ajiye tawada daidai inda hannunsa zai sauka. Ya ce in riƙa karanto masa baiti-baiti.

Ya yi bisimilla ya ja layin farko. Jama'a, na ga rubutu. Shi ne hannun nan na littafin Alhaji, bai rage komai ba, baƙi, mai kauri, kowane harafi zaune da gindinsa. Ya tsoma alƙalami ya ja na biyu, ya ɗan karkata sama kaɗan. Ya sake tsomawa. Layi na uku ya fara a kan na biyu.

Na ɗaga kai na dubi idanunsa da kyau a hasken tagar. Yanar ido ce ta rufe su, fari-fari kamar ruwan nono. A zauren nan ya san wurin kowane abu, shi ya sa ban lura ba tun jiya. Na dubi Goggo, ta kafa mini ido, ta girgiza kai kaɗan.

Ya ce, "Karanto, Habu, me ka tsaya yi?"

Na ci gaba da karantowa. Ya ci gaba da rubutu, layi a kan layi, harafi a kan harafi, tawada tana taruwa tana malala. Ƙasan takardar fari fat, bai taɓa shi ba, tsakiyarta kuwa ta zama baƙin dunƙule. Fuskarsa cike da murna, yana bin baitin da ƙaramar murya. Da ya ga a ransa shafi ya cika, ya ajiye alƙalami, ya ɗaga takardar ya miƙo mini.

"Yaya ka gani?"

Na ce, "Madalla, Baba. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi."

Yinin nan bai bar ni na matsa ba. Ya ba ni labarin malaminsa, da yadda ubana yake rubutu da hagu ana dukan hannun har ya gudu. Ya tambaye ni yadda muke jera haruffa, da na ce a juye ake jera su, ya ce Allah Sarki, ashe mu kullum ta ƙeya muke karatu. Ni kuwa abinci ma kasa ci na yi. Ina ta tunanin abin da zan gaya wa Alhaji, da abin da zan aiko wa tsohon nan in ya zauna jiran aiki. Na sami Goggo a bayan gida tana wanke tukunyar tawada. Ta ce shekara huɗu ke nan da abin ya fara, bai taɓa faɗa da bakinsa ba, ita ma ba ta taɓa faɗa masa ba.

Da safe na yi sallama. Ya ce zai taka mini. Ya dafa kafaɗata muka bi layin, yana kiran sunan kowane gida daidai lokacin da muka zo ƙofarsa, har waɗanda ba su da ƙofa. A bakin ganuwa ya tsaya.

Ya ce, "Habu, kawo takardar nan."

Na ce, "Baba, ai Alhaji zan kai wa."

"Kawo. Na fi shekara hamsin ina rubutu, kana tsammani ban san kukan alƙalami ba? A busasshiyar takarda yana ƙara, a kan danshi shiru yake yi. Tun layi na uku ya yi shiru."

Na kwance fatar na ba shi. Ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya ce zai ba Asabe ta wanke a ƙwarya, don akwai sunan Allah a ciki.

Na ce, "To Baba, me ya sa ba ka tsaya ba?"

Ya ce, "Ƙin tsayawa na yi. An daɗe ba a ce mini rubuta ba." Ya saki kafaɗata. "Ƙaryar da ka yi mini Allah ya yafe maka, irin ta 'ya'yan mutunci ce. Asabe kuwa kada ka ce mata na sani, tana jin daɗin ɓoye mini. Ka gaishe da maigidanka, ka ce ya makara da shekara huɗu."

Ya juya ya koma shi kaɗai, yana bin bango da hannu.

Dawowa ba ta da labari. Na sami motar kuza daga Doguwa, aka sake lalube mini wuya a Tudun Wada, kogi ya janye har ana ratsa shi da ƙafa. Kwana uku na iso.

Na gaya wa Alhaji saƙon Gwani yadda ya faɗa. Ya ce, "Allah Sarki. Allah ya sa mu gama lafiya." Ya aika aka kira wani malami a nan cikin birni, kafin la'asar sun shirya. Hannunsa ba laifi. An buga littafin, yana kuwa tafiya, har an sake bugu.

Na ware guda ɗaya na ajiye a kan akwatin haruffana da niyyar aika wa Gwani. Sau uku motar kudu tana tashi ina riƙe da shi, in fasa. Ban sani ba ko zai ji daɗi ya shafa ya shinshina, ko kuwa cin fuska ne a aika wa mutum aikinsa da hannun wani. Iyakar abin da na gano ke nan. Cikinku in akwai wanda ya san abin da ya dace, ya same ni a wurin aiki ya gaya mini.